Dokin Mai Baki Ya Fi Gudu: Nasiha Ga Mai Sayen Motar Tsere

Yau zancenmu a kan ciniki ya ke, cinikin wata irin mota da a ke kira motar tsere. Watau ita ce gajeriyar nan, galibi mai ƙofa biyu, mai kwanciya a ƙasa kamar ƙadangare, mai rurin da kan ta da jariri daga barci, wadda aka ƙera domin gudu kaɗai, ba ta ɗaukar buhu, ba ta ɗaukar iyali. Irinta su ne Ford Mustang da Chevrolet Camaro da Dodge Challenger na Amurka, da Porsche da BMW M3 na Jamus, da Nissan Z da Mazda RX-8 na Japan.

Wani zai ce, ina ruwan malami da motar tsere, ina kuma ruwan mai sayar da atamfa a Kantin Kwari da ita? To, akwai ruwa kuwa. Gama yaron da ya ƙyalla ido ya gan ta, sau da yawa daga aljihun mahaifinsa kuɗin ke fitowa. Wanda ya yi odarta daga ƙetare ɗan kasuwa ne. In ciniki ya ɓaci aka ja daga, zauren malam a kan nufa domin sulhu, ko kuwa gaban alƙali. In kuma abin ya zo da ƙarar kwana a kan hanya, unguwa duka ke zaman makoki. Ra'ayinmu a taƙaice shi ne, darajar irin wannan mota tana cikin tarihinta, tarihi kuwa ba ya tabbata da rantsuwar dillali, sai da shaidu. Wanda duk ya biya kuɗi kafin ya ji daga bakin shaidu, ya yi cinikin biri a sama.

Ku tuna yadda iyayenmu ke sayen doki. Kyan gashi ba ya ruɗinsu. Su kan buɗe bakinsa su dubi haƙora domin su san shekarunsa, su ɗaga kofato, su shafa ƙafafu ko akwai kumburi, su sa yaro ya hau ya yi sukuwa, sa'an nan su kasa kunne su ji numfashinsa bayan ya tsaya. Kana su tambayi daga wace barga ya fito, da hannun wa da wa ya bi. Dokin sukuwa kuwa shi a kan fi tsananta wa bincike, domin an san mai shi bai ajiye shi don zuwa rafi shan ruwa ba. To, motar tsere ita ce dokin sukuwa na zamani. Motar da ma'aikaci ya yi shekara goma yana zuwa ofis da ita, gajiyarta daidai ta ke da nisan tafiyarta. Amma motar tsere tana iya tsufa a yini guda, a filin tsere, ko a wajen gwanintar juyi ranar biki, sa'ad da a kan take totur har taya ta yi hayaƙi. Washegari a wanke ta, a goge, ta fito tana ƙyalli kamar amarya, alhali cikinta ya dafu.

Yanzu bari mu dubi inda su ke fitowa. Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto a 2020, wanda ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 ƙasashen Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14 zuwa waje, kashi 40 cikin 100 kuwa Afirka suka nufo. A cikinsu akwai na kirki, akwai kuma waɗanda ƙasarsu ta sallama. A Amurka, in mota ta yi mummunan haɗari, ko ruwa ya ci ta, kamfanin inshora ya kan lissafa. In ya ga kuɗin gyara ya kusa kuɗin motar, sai ya biya mai ita, ya karɓe ta, a buga wa takardarta tambarin cewa ta lalace, a kai ta gwanjo. Manyan gidajen wannan gwanjo su ne Copart da IAA. Daga nan masu oda ke saye da araha, a sa ta a jirgin ruwa zuwa Ikko ko Kwatano ko Lome, masu gyaran bodi da masu fenti su shiga aikinsu, ta iso Kano ko Kaduna ko Abuja fes. Mota mai gudu kuwa ba ta rasa shiga wannan layi, gama abin da aka saye ta dominsa shi ne kan kai ta ga karo.

Saboda haka mu ke cewa a nemi shaidu uku.

Shaida ta farko ita ce lambar shasi, wadda Turawa ke kira VIN. Tun 1981 kowace mota da a ke sayarwa a Amurka tana da wannan lamba, haruffan boko ne da alƙaluma guda 17, kuma ba a sa I da O da Q a cikinsu, don kada su rikice da 1 da 0. Harafin farko ya kan faɗi ƙasar da aka ƙera ta: 1 ko 4 ko 5 Amurka ke nan, 2 Kanada, 3 Meziko, J Japan, W Jamus. Na goma kuwa, a motocin kasuwar Amurka, shi ke faɗin shekararta: F 2015 ke nan, H 2017, L 2020. Wannan harafi guda ya isa ya tona asirin masu sauya wa tsohuwar mota fitilu da bamba, su sayar da ita da sunan ƙanwarta. A duba lambar a gindin gilashin gaba ta gefen direba, a duba a jikin ƙofa, a duba inda aka buga ta a ƙarfen motar, a gwada da ta takarda. In ɗaya ta saɓa, ko aka ga alamar walda ko kankara kusa da ita, ciniki ya ƙare ke nan, a yi sallama.

Da wannan lamba a ke tambayar asali ta intanet. Kamfanonin Carfax da AutoCheck su kan sayar da rahoton tarihin mota a kan kuɗi kaɗan: hannu nawa ta bi, haɗarin da aka kai rahotonsa, da abin da maleji ya nuna duk sa'ad da aka kai ta gyara. Sau da yawa ma, in an rubuta lambar kawai a wurin bincike, sai ga hotunan ranar gwanjo sun fito, ka ga motar da ke gabanka da gabanta a murƙushe. Gani ya kori ji. Amma fa a lura, rahoto mai tsabta ba hujja ba ne cewa ba ta taɓa karo ba, domin abin da aka gyara a ɓoye ba ya shiga littafi. Rahoto ya kan tabbatar da laifi, ba ya wanke mai laifi.

Maleji ma abin tuhuma ne. Hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka ta ƙiyasta, a wani bincike na 2002, cewa fiye da mota 450,000 a kan sayar kowace shekara a can da malejin da aka mayar baya. In haka ta ke a ƙasar da a ke ɗaure mutum a kan wannan laifi, ina ga motar da ta ƙetare teku ta bi hannu huɗu? Har ila yau, motar Amurka da mil ta ke lissafi. Mil 100,000 kuwa wajen kilomita 160,000 ne, kada dillali ya karanta maka mil da sunan kilomita.

A cikin shaidar takarda akwai na kwastan. A ranar 1 ga Janairu 2017 Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa, waɗanda suka biyo ta barauniyar hanya kuwa da takardun jabu su ke yawo. A kai takarda ofishin kwastan a tabbatar kafin a biya, don kada a ƙwace motar a hanyar Zariya. Akwai kuma na sata. A watan Satumba 2024 hukumar EFCC ta miƙa wa 'yan sandan Kanada motoci 53 waɗanda aka sato daga can aka same su a Nijeriya. Wanda aka samu irin wannan a hannunsa ya yi biyu babu, ba mota, ba kuɗi, ga zuwa amsa tambaya. Banza ba ta kai zomo kasuwa, in ka ga araha ta wuce hankali, nemi dalili.

Shaida ta biyu ita ce jikin motar kansa, shi kuwa ba ya ƙarya ga wanda ya iya tambayarsa. A tafi da rana tsaka, kada a yarda da duban dare ko na ƙarƙashin rumfa. A ce wa mai ita kada ya ta da inji kafin a zo, a kuma taɓa a ji da sanyinsa, gama inji mai ciwo da sanyin safiya ya kan yi tari, in ya ɗumama sai ya ɓoye. Da an ta da shi a dubi salansa. Shuɗin hayaƙi alamar inji na shan baƙin mai ne. Farin hayaƙi mai kauri wanda ba ya yankewa alamar ruwa na shiga inji ne, haka kuma in aka buɗe murfin mai aka ga wani abu kamar kindirmo a jikinsa.

Sa'an nan a zaga bodi. Tazarar da ke tsakanin ƙofa da jiki, da tsakanin bonet da fiffike, ta zama daidai dama da hagu. A dubi kan kusoshin da suka riƙe su, in fentinsu ya kankare, sifana ta taɓa su. Akwai 'yar na'ura mai auna kaurin fenti, in babu ita maganaɗisu ma ya kan taimaka a jikin ƙarfe, domin ba ya kamawa sosai inda aka cika da ƙullun gyara. Amma babban abu shi ne a hau da ita kan ramin gareji a dubi ƙashin bayanta daga ƙasa. Shasin da ya lanƙwashe aka miƙe shi da wuta ba ya komawa ƙarfinsa na asali. A tafiyar kasuwa ba za a gane ba, amma ranar da yaro ya ƙure maleji ya taka birki, ran nan za a sani.

Alamun tsere ma ba su ɓuya. Kowace taya tana da alƙaluma huɗu a gefenta masu faɗin mako da shekarar da aka yi ta, misali 2319, watau mako na 23 na 2019. In ka ga tayoyin baya sababbi ne, na gaba tsofaffi, ga kuma ɓarɓashin roba manne a cikin rumbun tayar baya, to an yi wasan juyi da ita. Faifan birki da ya yi shuɗi-shuɗi ya tsattsage ya sha wuta. Ramukan kusoshi a daɓen motar bayan kujera alama ce an taɓa kafa mata ƙarafan tsaro na filin tsere, aka cire domin sayarwa.

Ruwa kuwa shi ne mugun ciwo, gama ba ya kisa nan take. Guguwar Harvey da ta auka wa birnin Houston a 2017 ta lalatar da motoci fiye da 400,000, kafin ta ga Katrina a 2005 da Sandy a 2012, bayanta ga Ian a 2022. Motar da ta kwana cikin ruwa tana iya tafiya lafiya wata shida, sa'an nan wayoyinta su fara ruɓewa ɗaya bayan ɗaya, rewaya ya gyara nan can ta ɓalle. A ɗaga shimfiɗar ƙasa, a leƙa ramin safaya taya, a nemi busasshiyar laka. A ja bel ɗin kujera har ƙarshensa a ga ko akwai layin ruwa. A dubi ƙarafan ƙarƙashin kujera ko sun yi tsatsa, da bakin wayoyi ko sun yi kore. Motar da aka cika ta da turare kuwa, sai ka tambayi abin da turaren ke rufewa.

Abu biyu a nan sun shafi rai kai tsaye. Na ɗaya, jakar iskan nan da kan fashe ta tare direba ranar karo. Da yawa ta riga ta fashe tun a can, aka liƙe murfin, ciki wayam. Fitilarta ya kamata ta kama da an murɗa makulli, ta yi 'yan daƙiƙoƙi, ta mutu da kanta. In ba ta kama ba sam, an cire ƙwan ne ko an rufe shi. Na biyu, sitiyari. Tun ranar 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya ta koma bin hannun dama a kan hanya, motocin Ingila da na cikin Japan kuwa sitiyarinsu a dama ya ke. Waɗansu su kan yanke su mayar da shi hagu da walda. Sitiyarin da aka yi wa ɗori, a motar da aka yi don gudu, kabari ne a buɗe.

Shaida ta uku ita ce ƙwaƙwalwar motar, tare da makaniken da ya iya karanta ta. Tun 1996 doka ta tilasta kowace ƙaramar mota da a ke sayarwa a Amurka ta kasance da wata kafa ƙarƙashin sitiyari, inda a kan jona na'ura, mota ta faɗi ciwonta da bakinta. Mai wayo ya kan goge laifuffukan da safe kafin mai saye ya zo, amma kwamfutar ta kan nuna cewa ba ta gama gwaje-gwajenta ba tun gogewar, wannan kansa shaida ne. Porsche ta ƙara da wani abin mamaki. Ƙwaƙwalwarta ta kan rubuta duk sa'ad da aka tilasta wa inji juyin da ya wuce iyakarsa, kamar in direba ya kuskure ya sa ƙaramar giya cikin gudu, ta kuma riƙe jimlar sa'o'in da injin ya yi yana aiki. To, sai a yi hisabi. In maleji ya ce kilomita 40,000, inji kuwa ya ce ya yi sa'a 3,000, ashe motar tsere ta yi rayuwarta tana tafiyar kilomita 13 a sa'a, tafiyar keke. Ɗayansu maƙaryaci ne, kun kuwa san wanda hannu ya fi saurin kaiwa gare shi.

Kowace irin mota kuma tana da ciwon gidansu, wajibi ne a san shi kafin a je. Porsche 911 da Boxster na farkon shekarun 2000 an san su da wani ɗan boris a cikin inji, wanda in ya watse ya kan tafi da injin duka, har masu motocin 2001 zuwa 2005 suka kai kamfanin ƙara a Amurka, aka yi sulhu a 2013. Sai a tambayi ko an sauya shi, a ga rasit. Mazda RX-8 kuwa injinta ba na fistan ba ne, na juyi ne, in ya gaji ya kan tashi da sanyi, amma in ya yi zafi aka kashe sai ya ƙi tashi. Saboda haka a gwada ta da sanyi, a kuma gwada da zafi. Kana a dubi lagireto da kyau, domin injin da aka yi wa ƙasar ƙanƙara zai gamu da zafin bazara da ƙurar hunturu, ga kuma al'adar waɗansu makanikai ta cire abin daidaita zafin inji su jefar. Makaniken nan kuwa lalle ya zama naka, kai ka kawo shi, kai ka biya shi. Wanda dillali ya kawo, la'adarsa na cikin cinikin.

Mun san abin da waɗansu 'yan kasuwa za su ce. Za su ce, in an bi wannan duka ai ba motar da za ta sayu, kuma in ba don motar gwanjo ba, mutane nawa za su hau mota? Wannan magana tana da gaskiya a ciki, ba mu kuwa ce cinikin motar da ta yi haɗari laifi ne ba. Mota ta bugu a ƙofa, aka gyara da kyau, aka gaya wa mai saye, aka rage masa kuɗi gwargwado, wannan ciniki ne mai albarka. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Abin da mu ke ƙi shi ne a sayar wa mutum rariya da sunan ƙwarya. Waɗansu kuma za su ce bincike cin fuska ne ga mai kaya. A'a. Mai zinariya ta gaskiya ba ya fushi don an kai ta wurin maƙeri. Wanda ya hana ka kawo makanikenka, ko ya rufe lambar shasi da takarda, ko ya ce wani na tafe da kuɗi yanzu-yanzu, ya riga ya ba ka amsa.

Malamanmu sun fi mu sanin cewa wannan mas'ala ba sabuwa ba ce a babin ciniki. A mazhabar Imamu Malik wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin da ya sani, kuma mai saye yana da ikon mayar da kaya in ya sami tsohon aibi da aka ɓoye masa. Cewa "yadda ka gan ta haka ka saya" ba ya kuɓutar da wanda ya san aibi ya yi shiru. An yi hukunci a kan wanda ya ƙi tatsar dabba kwanaki domin hantsarta ta cika ta ruɗi mai saye, aka ba mai saye damar mayarwa tare da sa'i guda na abinci a madadin nonon da ya tatsa. To, ina bambancin wannan da mai mayar da maleji baya, ko mai zuba mai mai kauri don ya rufe ƙarar inji? An kuma halatta ciniki da sharaɗin zaɓi, aka ƙaddara wa dabba kamar kwana uku, gida kamar wata guda, domin a gwada a yi shawara. Ashe hanya tana nan a shimfiɗe tun da daɗewa, mu ne muka bar ta.

Saboda haka muna kira ga shugabannin kasuwannin motoci su mayar da abu uku al'ada. A rubuta takardar ciniki mai ɗauke da lambar shasi, da maleji, da duk aibin da mai kaya ya sani, shaidu biyu su sa hannu. A ba mai saye kwana uku na zaɓi bayan ya ba da kafin alƙalami. A kuma bar shi ya kai mota garejin da ya ga dama. Dillalin da ya fara wannan zai yi hasarar ciniki ɗaya ko biyu, amma sunan da zai samu ya fi ribar mota goma, gama ɗan kasuwa da amana ya ke ci, ba da wayo ba.

Ku kuma iyaye, in yaro ya matsa sai motar tsere, kuka ga za ku iya, to, kada ku bar shi ya tafi shi da abokansa, domin shi launi da ƙara kaɗai zai duba. Ku ware kuɗin rahoto da na makanike tun kafin tayi, ba su kai kuɗin taya guda ba. In shaidun nan uku suka haɗu a kan magana ɗaya, a saya, a kuma ja masa kunne cewa titin gari ba filin sukuwa ba ne. In kuwa suka saɓa, a haƙura a bar ta, komai daɗin bakin mai ita. Dokin mai baki ya fi gudu, amma a baki kawai.

Allah ya sa mu dace, ya kiyaye mu da zuriyarmu a kan hanya. Wassalam.